Kundin aiki: ƙarar sauti, sirotonin da cutar baifola

21 ga Oktoba, 2024

Kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu a takardunmu, don haka daga yau aikin ya bar kan tebur ya shiga ɗakin gwaji. Zan riƙa rubuta yadda yake tafiya, musamman saboda abokan aiki na gida da suke ta tambayar abin da ya zaunar da likitan ƙwaƙwalwa a Jamus yana ɗora wa mutane hula mai wayoyi yana buga musu ƙara a kunne.

Ga abin da muke aunawa. Idan aka buga wa mutum ɗan gajeren sauti, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da ji yakan amsa da wani motsin lantarki wanda na'urar EEG ke kamawa ta fatar kai, ita dai na'urar da ake duba masu farfaɗiya da ita. Bayan kamar milisakan 100 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa) layin da na'urar ke zanawa yakan karkata gefe guda, ana kiran wannan N1, wajen milisakan 200 kuma ya juya ɗaya gefen, shi ne P2. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce girman amsar. In an ƙara ƙarfin sauti amsar takan ƙara girma, amma ba daidai ga kowa ba. Wani daga desibel 60 zuwa 100 (desibel ma'aunin ƙarar sauti ne) amsarsa hawa take yi ba tsayawa, wani kuwa da kyar take motsawa. Wannan hawan shi ne LDAEP a takardun bincike, ni kuma a nan zan riƙa ce masa hawan amsa.

A 1993 likitocin Jamus biyu, Ulrich Hegerl da Georg Juckel, suka fito da ra'ayin cewa hawan amsa yana nuna yadda sirotonin, ɗaya daga sinadaran da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su, ke aiki a ƙwaƙwalwa: mai hawa sosai sirotonin ɗinsa ya yi ƙasa, mai hawa kaɗan nasa ya yi sama. Hujjarsu ita ce zarurrukan sirotonin da ke tasowa daga cibiyar rafe a gindin ƙwaƙwalwa sun yi cincirindo a asalin ɓangaren ji, musamman a shimfiɗa ta huɗu inda saƙon kunne ke fara sauka. A ganinsu sirotonin linzami ne a wurin: in yana da ƙarfi sai ya riƙe amsar kada ta zarce ko da sauti ya yi ƙara, in ya yi sako-sako sai ta tafi.

Me ya sa ake bin wannan doguwar hanya? Saboda ta kusa a toshe take. Kusan kashi 90 cikin 100 na sirotonin ɗin jiki a hanji ake yin sa, na cikin jini kuma ba ya tsallakawa ƙwaƙwalwa, don haka gwajin jini ba ya faɗin komai game da ita. Ana iya tsira allura a gadon baya a ɗebi ruwan laka a auna ragowar sirotonin, kamar yadda Marie Åsberg ta yi a Suwidin ta wallafa a 1976, amma ba abin da za a yi ta maimaita wa mutum ba ne. Hoton PET kuwa tsada da sinadari mai tururin nukiliya sun sa sai manyan cibiyoyi. EEG ba ta da zafi, ba ta da tsada.

Mu kan cutar baifola muka nufa, ciwon da mutum ke shiga lokacin ɗoki da tashin kai, barci ya ƙaurace masa bai gaji ba, surutu ba ƙaƙƙautawa, kashe kuɗi ba lissafi, abin da likitoci ke kira maniya. Wani lokacin kuma ya faɗa damuwa mai nauyi har tashi daga gado ya gagara. A tsakani ya yi watanni ko shekaru lafiya lau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun kai miliyan 40 a 2019. Tsarin da aka amince mana shi ne mu kwatanta hawan amsar masu maniya, masu damuwa, waɗanda suka daidaita, da kuma lafiyayyu.

8 ga Nuwamba, 2024

Makonnin nan duk saita na'ura suka cinye. Sautin mai kaɗawa 1,000 ne a daƙiƙa, gajere ƙwarai, a matakai biyar: desibel 60, 70, 80, 90 da 100, a cakuɗe don kada mutum ya san wanda zai zo. Desibel 60 shi ne kamar hira ta yau da kullum. Kowane ƙarin desibel 10 ninki goma ne na ƙarfin sautin, ko da yake kunne kamar ninki biyu yake jin sa. Ke nan in abin kunnen ya yi kuskuren desibel kaɗan a mataki ɗaya, duk layin hawan ya karkace. Injiniyanmu ya ɗora shi a kan kunnen roba mai makirufo a ciki, ya auna kowane mataki dama da hagu, ya ce haka zai riƙa yi lokaci-lokaci har aikin ya ƙare.

Amsar da muke nema 'yan maikurobolt ce kawai, wato lantarki ƙanƙani ƙwarai, ta nutse cikin sauran motsin ƙwaƙwalwa da ya ninka ta girma. Dabarar ita ce a buga kowane mataki sau da yawa, a tara, a fitar da matsakaici. Hayaniyar da ba ta da alaƙa da sautin sai ta kashe junanta, amsar ta fito. Ƙiftawar ido ɗaya ta fi N1 girma nesa ba kusa ba, haɗiyar yawu da cije haƙora ma haka. Wanda ya zauna yana ƙirga sautukan, N1 ɗinsa zai ƙaru saboda ya mai da hankali, wanda gyangyaɗi ya ɗauka kuma amsarsa ta canza. Mun tsaya a kan a kunna hoto marar sauti a ce mutum ya kalla ya manta da kunnensa.

Na zauna an gwada a kaina. Desibel 100 ɗin nan, duk gajartarsa, sai da ya sa na zabura, na fara tunanin yadda mai maniya zai ji shi.

2 ga Disamba, 2024

Shugabar aikinmu ta ba ni aikin tattara hujjojin da ke nuna hawan amsa sirotonin yake aunawa, in gabatar a taron mako. Na gabatar, ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci, domin hujjar ta fi ƙarfi a dabbobi.

A ƙarshen shekarun 1990 Juckel da abokan aikinsa sun zuba magani kai tsaye cikin cibiyar rafe ta kyanwoyi. Da suka zuba mai rage aikin ƙwayoyin sirotonin, hawan ya ƙaru; da suka zuba mai ƙara aikinsu, ya ragu. A 2008 an auna sirotonin a cikin ɓangaren ji na ƙwaƙwalwar ɓeraye, aka ga inda ya yi yawa hawan ya yi ƙasa. Har nan komai ya tafi daidai da ra'ayin 1993.

A ɗan Adam ne lissafin ya rikice. Akwai hanyar rage sirotonin na 'yan sa'o'i: a ba mutum wani haɗin sinadaran furotin da aka cire wa tiriftofan, wanda da shi jiki ke ƙera sirotonin. In ra'ayin ya tabbata, ya kamata hawan ya ƙaru. Rukunoni daban-daban sun gwada, yawancinsu ba su ga wani canji ba. An kuma bi ta ɗaya ɓangaren, aka ba lafiyayyu sitalofuram sau ɗaya, maganin damuwa mai ƙara sirotonin. Rukunin Pradeep Nathan a Ostireliya sun ga hawan ya ragu a 2006, wasu da suka yi irin gwajin ba su gani ba. A 2008 O'Neill da Croft da shi Nathan ɗin suka yi bitar duk abin da aka samu, suka nuna awon ba ya bin sauyin sirotonin na ɗan lokaci yadda aka zata, kuma wasu sinadaran ƙwaƙwalwa, irin su dofamin da tsarin gulutamet, suna da hannu a ciki.

To amma ba a jefar da shi ba, kuma da dalili. Na farko, awo ne mai tsayuwa: ka auna lafiyayye yau, ka sake bayan makonni, kusan abu guda za ka samu. Na biyu, a masu damuwar da ba baifola ba, Jürgen Gallinat da abokansa sun nuna a 2000 cewa masu hawa sosai kafin a fara magani sun fi samun sauƙi da magungunan sirotonin, wasu kuma bayansu sun samu makamancin haka.

Ra'ayina, wanda na faɗa a taron, shi ne hawan amsa abu ne na gaske, yana nuna yadda ƙwaƙwalwar mutum ke kayyade amsarta ga abin da ke shigo mata, sirotonin kuma ɗaya ne daga masu saita hakan. Amma a rubuta a takarda cewa mun auna sirotonin, wannan ya wuce abin da hujja ta ba mu. Wani abokin aiki ya ce in haka ne me muke yi a nan. Na ce awo na iya yin amfani a asibiti ko da ba a gama sanin abin da ke ƙarƙashinsa ba, litiyom kansa, maganin baifola, an yi shekaru fiye da saba'in ana ba da shi ana kuma gardamar yadda yake aiki. Balle ma tun bitar da Joanna Moncrieff da abokanta suka fitar a 2022, wadda ta ce babu tsayayyar hujja cewa ƙarancin sirotonin ke kawo damuwa, duk mai rubuta wannan suna a takarda ya san za a bi shi da tambayoyi.

13 ga Janairu, 2025

Mun fara ɗaukar marasa lafiya, kuma tun makon farko matsalar da takardu ba sa yawan faɗa ta bayyana. Mai maniya sosai ba ya zama. Kafin a gama shafa man da ke haɗa wayoyi da fatar kai ya miƙe sau da yawa, in an fara kuma magana ce da dariya da juya kai, rabin abin da aka ɗauka sai an zubar. Wasu ma ba sa cikin halin da za su ba da izini da saninsu, doka kuma ba ta bari a sa su. Waɗanda suke iya zama har a gama su ne masu sauƙin ciwo, ko waɗanda magani ya riga ya kwantar. Ke nan rukunin da za mu rubuta wa suna masu maniya ba su ne tsakiyar ciwon ba.

Maganin kansa wata matsala ce. Kusan ba wanda ke zuwa mana hannu rabbana. Wannan yana kan litiyom, wancan balfurowet, da yawa kuma ketiyafin ko olanzafin, waɗanda su kansu suna toshe wasu kafofin karɓar sirotonin. Litiyom ma an daɗe da nunawa a dabbobi cewa yana ƙarfafa aikin sirotonin. In muka ga bambanci tsakanin rukunoni, na ciwon ne ko na ƙwayoyin? Ba kuma za a dakatar wa mai baifola magani don bincike ba, ba ma mai fara wannan maganar.

30 ga Janairu, 2025

Gwajin ji kafin a sa hula ya fitar da mutane fiye da yadda muka yi tsammani, galibi manya da waɗanda suka yi aiki a masana'antu. Kunnen da ya fara lalacewa ba ya jin ƙaramin sauti, babba kuma yana yi masa ƙara fiye da kima, hawansa sai ya fito da tsayi ba don wani sirotonin ba. Mun kuma ƙara layuka a takardar tambayoyi: taba, kofi, barcin daren jiya, da lokacin al'ada ga mata. An sha samun cewa hawan mata ya ɗara na maza, kuma yana raguwa da shekaru.

24 ga Fabrairu, 2025

Wannan makon ne aikin ya canza fuska.

Na jera abin da aka samu game da baifola kanta, sai ga shi bakin bai zo ɗaya ba. A 1971 Monte Buchsbaum da abokansa a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta Amurka sun yi irin wannan awon da walƙiyar haske a madadin sauti, suka samu masu baifola amsarsu hawa take yi sosai. A 2010 rukunin Young-Min Park da Seung-Hwan Lee na Jami'ar Inje a Koriya ta Kudu, da sauti suka yi, suka samu hawan masu baifola ya gaza na lafiyayyu. A 2012 rukunin nan dai ya raba marasa lafiyar gwargwadon halin da suke ciki, ya samu awon yana bambanta da yanayin, mafi rauni a masu maniya. In aka bi fassarar 1993, ma'anarsa sirotonin ya yi yawa a lokacin maniya, abin da ya yi daidai da sanannen abin nan cewa magungunan damuwa na iya tunzura mai baifola ya faɗa maniya. Fassarar tana da daɗin ji, shi ya sa ya kamata a yi hattara da ita.

Ga inda gizo ke saƙar: a irin wannan binciken, masu maniya mutane ne daban, masu damuwa daban, waɗanda suka daidaita daban. Tunda lafiyayyu ma hawansu ya sha bamban daga wannan zuwa wancan, bambancin rukunoni na iya zama na mutanen ne da magungunansu, ba na yanayin ba. Tsarinmu kuwa irinsa ne sak. Da mun ci gaba a haka, da mun ƙara takarda ɗaya a kan tulin da ba ya raba gardama.

Baifola tana da wani abu da ba kowace cuta ke da shi ba: mutum guda yakan ratsa yanayi uku. Kunnensa ɗaya, ƙoƙon kansa ɗaya, gadon halittarsa ɗaya. In aka auna shi yana maniya, aka sake bayan ya daidaita, shi ne ma'aunin kansa. Muka amince za mu nemi izinin gyara tsari mu riƙa bin kowane mutum muna maimaita awo. Zai ja lokaci, wasu za su ɓace mana a hanya, maganin wasu zai canza a tsakani. Duk da haka ya fi.

12 ga Maris, 2025

Azumi ya kama tun farkon wata, cikin waɗanda muke bi kuma akwai Turkawa da Larabawa masu yin sa. Na tayar da maganar a taro domin ba wanda ya sa ta a lissafi. Mai azumi barcinsa ya rabu biyu, ba kofi ba taba da rana, lokacin shan magani ya koma dare, duk kuwa abubuwa ne da ke taɓa awonmu. Mun ɗage nasu zuwa bayan Sallah.

Abin da ya fi awon muhimmanci shi ne lafiyarsu. Ƙishirwa na sa litiyom ya taru a jini, tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke cutarwa kuma ƙanƙanuwa ce. Rashin barci kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da maniya. Wata baiwar Allah ta tambaye ni a asirce ko zunubi ne ta sha azumi. Na ce mata ni ba malami ba ne, amma rangwamen da aka yi wa mara lafiya sananne ne, ta zauna da likitanta da malaminta kafin ta yanke.

28 ga Afrilu, 2025

Malamina na gida, wanda a hannunsa na fara ganin masu wannan ciwo, ya kira ni. Bayan gaisuwa ya ce, “Dokta, wai yaushe hular nan taku za ta iso mu?” Na ce, “Ranka ya daɗe, da sauran rina a kaba.” Ya ce shi ba ruwansa da gardamar sirotonin, abu ɗaya yake so: a gaya masa wanda litiyom zai yi wa aiki kafin ya ɗora shi a kai.

Tambayarsa ita ce wadda ta fi kowace daraja a wannan fanni. Tun da John Cade ya gwada litiyom a kan masu maniya a Ostireliya a 1949, Mogens Schou kuma ya tabbatar da shi a Danmak a 1954, har yau ba a samu wanda ya fi shi hana ciwon dawowa ba, kuma yana rage haɗarin kashe kai. Amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai yake yi wa aiki sosai, kuma sai an yi shekara ɗaya ko biyu kafin a gane ko mutum yana cikinsu. Duk tsawon lokacin ana ɗibar jini don a riƙe adadinsa a jini wajen milimol 0.6 zuwa 0.8 a kowace lita, ana duba ƙoda, ana duba tayirod, wato ƙwayar wuyan nan da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Malam ya ce a wurinsu wannan ɗibar jinin ce ke sa likitoci da yawa su kauce wa litiyom gaba ɗaya, don mara lafiyar da ya zo daga ƙauye ba zai iya zirga-zirgar da kuɗin ba.

Na gaya masa abin da ke akwai. Hegerl ya ba da rahoto tun 1987 cewa waɗanda litiyom ya yi wa aiki hawan amsarsu ya fi tsayi, Juckel da abokansa suka sake samun haka a 2004. Sai dai mutanen ba su da yawa, kuma na 2004 waiwaye aka yi: an auna mutanen da suka riga suka daɗe a kan maganin. Abin da ake buƙata shi ne a auna kafin ƙwaya ta farko, a rufe sakamakon, a jira shekara biyu. Ko a hakan ma, bambanci tsakanin matsakaicin rukuni biyu abu ne daban da iya faɗa wa mutum guda makomarsa.

Ya ce na'urar EEG dai suna da ita. Na ce haka ne, kuma shi ya sa ban fid da rai da wannan awon ba, amma sai an haɗa ta da abin buga sauti mai aika alama daidai milisakan, da ɗaki marar hayaniya, da waya mai shiga ƙasa sosai don kada wutar gini ta cika layin. Ya yi dariya ya ce in fara gama nawa tukuna.

10 ga Yuni, 2025

Kwamiti ya amince da gyaran. Mun rubuta yadda za mu yi lissafi mun ajiye a rumbun rajistar bincike kafin kowa ya ga sakamako: awon tsakiyar kai shi ne babba, lissafin da ke ware asalin ɓangaren ji daga na kewayensa shi ne na biyu. Dalili kuwa, ana iya fitar da hawan amsa ta hanyoyi da dama, wanda ya gwada duka ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi ba zai rasa abin wallafawa ba. Fayilolin lamba kawai suke ɗauke da ita, mai tace su bai san na wane ne ba, ni ma da ke ganin marasa lafiyar ba na taɓa su.

Mun buɗe wani ƙaramin reshe na waɗanda likitocinsu suka yanke za a fara musu litiyom, mu auna su kafin su fara. Suna zuwa ɗaiɗai, don yawanci a tsakiyar ciwo ake farawa, ba a kuma jinkirta magani saboda mu. Na roƙi ma'aikatan jinya na sashen kwanciya su riƙa kira na da zarar an yanke shawarar, ko da dare ne.

A mako mai zuwa za mu fara zagaye na biyu, na waɗanda muka auna a Janairu suna maniya yanzu kuma sun koma gida sun koma aiki. Da yawansu an sauya musu magani tun daga lokacin, don haka na ƙara shafi a takardar tambayoyi na rubuta kowace ƙwaya, adadinta, da ranar da aka fara ta ko aka daina.